Hama Amadu: daga kujerar firaminista zuwa gidan kason Kutukale

Masu saurare da dama, daga Madawa, Buza da Keita har da ƴan uwa mazauna ƙetare, kan tambayi yadda aka yi Hama Amadu ya faɗi a zamanin Tanja. To ga yadda abin ya wakana.

An haifi Hama Amadu a 1950 a garin Yuri, jihar Tilaberi. Ya yi firaminista karo na farko daga 1995 har juyin mulkin Janar Bare na Janairun 1996. Shugaba Mamadu Tanja ya maido shi kan kujerar a farkon shekarar 2000, ya daɗe a kanta sama da shekaru 7, kuma shi ne ya gaji Tanja a shugabancin jam'iyyar MNSD Nasara.

Abin da ya ja masa shi ne badaƙalar MEBA, wato ma'aikatar ilimin firamare. A 2006 bincike ya gano an yi sama da faɗi da kusan miliyar 4 na sefa, mafi yawansu kuɗin da ƙasashe masu tallafi suka bayar don lakwal. Duk wanda ɗansa ya yi karatu ƙarƙashin rumfar kara a nan Adar, ba sai an fassara masa miliyar 4 ba. An tsare tsofaffin ministocin ilimi biyu, Ari Ibrahim da Haruna Hamani. Ƴan adawa, ƙarƙashin Mahamadu Isufu na PNDS Tarayya, suka ce sai shi ma firaminista ya yi bayani.

Ranar 31 ga Mayun 2007 ƴan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna ga gwamnatinsa. Abin lura, kujeru 25 kacal ƴan adawa ke da su, ke nan sauran ƙuri'un daga ɓangaren masu mulki suka fito. Seini Umaru ya gaje shi.

A Yunin 2008 majalisa ta ba da damar gurfanar da shi bisa wani zargin daban: miliyan 100 na asusun tallafa wa ƴan jarida. Aka kai shi Kutukale, ya yi kimanin wata 10 kafin a sake shi a Afrilun 2009 don neman magani. Shi dai ya musanta zargin, yana cewa makirci ne don a hana shi takarar 2009.

Daga baya ya kafa Moden Lumana, ya shugabanci majalisar dokoki daga 2011 zuwa 2014. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 23 ga Oktoban 2024.