Geron da Ba Shi da Suna: Abin Shan Zangunan Akra da Darasin Manoman Inabi

Laraba ce babbar ranar kasuwar Nima. Motoci kan sauke buhunan gero, dawa, wake da masara daga arewacin Gana da ƙasashen da ke sama da ita, kuma kafin hantsi masu koko da masu burkina da lamurje sun zagaye 'yan awo ana cika musu gwangwanin olonka. Mai saye za ta yi ciniki, ta damƙi tsabar ta duba tsakuwa, ta shinshina ko buhun ya yi warin ajiya. Da wuya ta tambayi wane irin gero ne, in kuma ta tambaya da wuya mai awon ya sani. Sunan irin da sunan garin da ya noma shi sun ɓace a hanya, tsakanin gona da tasha.

Wannan rashi ba ƙarami ba ne. Zangunan Akra suna da al'adar abin sha cikakkiya, wadda iyali ke riƙe da ita, tsirran yankinmu ke ciyar da ita, birni kuma ya shaide ta. Ƙafa ɗaya ce ta gurgunce, wato sanin iri, kuma ita ce ƙafar da ƙananan manoman inabi na Turai suka tsayu a kanta har suka tsira daga manyan kamfanoni.

Mafarin zaman Hausawa a Gana fataucin goro ne. Ayarin Kano da Katsina sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da bakin teku. A farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo, wanda mahaifinsa ya zo daga Katsina, ya kafa Sabon Zango, unguwar da mai bincike Deborah Pellow ta rubuta littafi a kanta. Nima ta zo daga baya, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya sami fili daga gidan Odoi Kwao na Osu. Daga nan Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Mosawa, Kotokoli, Wangarawa, Dagomba da Frafra suka cika ta, ta tumbatsa zuwa Maamobi, Hausa kuma ta zama harshen da ya haɗa su. A Nima ne mai bincike Keith Hart ya zauna a tsakiyar shekarun 1960, kuma daga abin da ya gani a lungunanta ya fitar da maƙalarsa ta 1973 a kan sana'o'in da ba su cikin rajistar hukuma, batun da masana tattalin arziki na duniya suka ɗauka tun daga lokacin. Mai koko da ke bakin titi tana cikin ainihin mutanen da yake nufi.

Aikinta yana farawa tun jiya. Za ta jiƙa gero ya kwana, ta wanke, ta kai injin niƙa tare da citta, kanumfari, barkono da masoro, wasu su ƙara kimba. Ta tace, ta bar gasarar ta kwanta na wasu sa'o'i har ruwan saman ya yi tsami. A nan hannun Gana ya bambanta da na Kano. Bakanuwa takan dama gasara ta sheƙa mata tafasasshen ruwa. 'Yar zango kuwa takan tsiyaye ruwan tsamin nan ta tafasa shi a tukunya, sannan ta zuba gasarar tana juyawa har ya yi kauri. Shi ya sa kokon Nima yake da duhu da yaji da tsamin da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Awon citta, tsawon jiƙo, lokacin da za a ce tsamin ya isa, babu ɗaya da aka rubuta. 'Ya takan koya a gindin murhun uwa ko gwaggo, kuma masu saye suna ganewa: ma'aikaci zai wuce teburi uku ya bi layin wata Hajiya saboda kokonta ne ya dace da bakinsa.

Haka abin yake a sauran. Burkina, wadda ta shigo daga Burkina Faso inda ake kiranta dege, garin gero ne da ake turarawa ya zama ƙwayoyi irin na dambu, a zuba cikin nono. Lamurje, wanda mutanen kudu ke kira giyar Hausawa ko da yake ba ya sa maye, shinkafa ce ko gero da ake niƙawa da citta da kanumfari, a tsamama da tsamiya ko lemon tsami. Ga zoɓo, da Ganawa ke ce wa sobolo, ga fura, ga zomkom na mutanen arewa maso gabas. A watan azumi da ranakun suna da biki, waɗannan su ne ke cika robobin sanyi, kuma kuɗin makarantar yara da yawa daga cikinsu yake fitowa.

Masana ƙwayoyin halitta sun tabbatar da abin da harshen mai sha ya riga ya sani. A 2004 Vicki Lei da Mogens Jakobsen sun wallafa bincike a kan koko da ruwan tsaminsa daga arewacin Gana, inda suka gano cewa ƙwayoyin da ke kawo tsamin, musamman Lactobacillus fermentum da Weissella confusa, ba zuba su ake yi ba. Daga tsabar da ruwan da mazubin suke tasowa. Ma'ana, kowane gida yana da nasa rabo na waɗannan halittu, gwargwadon geronsa da kayan aikinsa. Wannan shi ne ainihin abin da masu giyar inabi na Faransa suke tinƙaho da shi idan suna maganar ɗanɗanon wuri.

Ambaton giya a nan yana buƙatar bayani, domin mafi yawan masu wannan sana'a Musulmi ne, kuma hukuncin giya a wurinsu a fili yake. Babu mai neman a kwaikwayi abin da ke cikin kwalbar. Abin dubawa shi ne yadda ƙananan iyalai suka kare sunansu da irinsu. A 1935 Faransa ta kafa dokar da ta ɗaure sunan giya da yankin da aka noma inabin da nau'in da aka shuka da hanyar sarrafawa, bayan shekaru na jabu da suka biyo bayan annobar ƙwaron filoksera da ta cinye gonaki tun daga shekarun 1860. Manoma ne da kansu suka matsa aka yi dokar, su ne kuma suka rubuta sharuɗɗan yankunansu. Duk da haka kasuwa ta ci gaba da matse iri: Ƙungiyar Inabi ta Duniya ta nuna cewa cikin nau'o'i kusan 10,000 da aka sani, 13 kacal sun mamaye fiye da kashi ɗaya cikin uku na gonakin inabin duniya. Masu juya wannan akala ƙanana ne. A yankin Tortona na Italiya, Walter Massa ya koma wa wani farin inabi mai suna Timorasso a shekarun 1980, lokacin da maƙwabtansa suka kusa gama tumɓuke shi, yau kuma gonaki da dama a yankin da shi suke ci. Jojiya tana riƙe da nau'o'in gida sama da 500, kuma a 2013 UNESCO ta sanya hanyar mutanenta ta sarrafawa a cikin randunan ƙasa da ake binnewa a jerin al'adun gado na duniya.

Gero ma yana da tsufa da yawan iri. An sami shaidar nomansa a kwarin Tilemsi na Mali tun kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, a Birimi da ke arewacin Gana kuma an tono tsabarsa mai kusan shekaru 3,500. Manomin ƙasar Hausa yana rarrabe gero mai saurin nuna da maiwa mai jinkiri da dauro da ake dasawa, kuma a cikin geron ma ya san irin da ake kira zango mai dogon kai da sauransu. Manomin Bawku da Bolgatanga yana da nasa na wuri, naara, da na ƙarshen damina. Cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala ta fitar da ingantattun iri, haka ma cibiyar ICRISAT da ke Sadore a Nijar, wadda ta saki irin Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe a 2018. Waɗannan ba su da laifi. Manomin da damina ke gajarce masa yana buƙatarsu. Matsalar ita ce masu fitar da iri suna auna yawan amfani da jure fari, kasuwa tana auna nauyin buhu, babu mai tambayar wane gero ne ya fi ba da gasara ko ya fi riƙe ƙwaya a cikin nono. Matar da ta fi kowa sanin amsar tana Nima, ba ta kuma cikin zancen. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, amma buhun da ke isowa Nima har yanzu babu suna a jikinsa.

A gefen nono ma labarin ya yi kama. Akwai rugagen Fulani a filayen da ke gabashin Akra, amma Gana tana shigo da mafi yawan madarar da take sha, don haka burkinar da ake sayarwa a cunkoson motoci galibi da madarar gari ake haɗa ta. Sannan ga batun lafiya, wanda bai kamata a rufe shi da kishin al'ada ba. Masu bincike na Cibiyar Noguchi ta Jami'ar Gana sun sami gubar afalatoksin, wadda fumfuna ke haifarwa a hatsin da bai bushe da kyau ba, a wasu samfuran burkina da aka ɗebo daga Nima da Ashaiman. Laifin ya faro ne daga rumbu da sito, nesa da mai damawa, amma ita ce ke ɗaukar zargin. Da ta san gonar da geronta ya fito, da tana da wanda za ta riƙe.

Mai karatu zai iya cewa mafita a fili take: a yi wa kokon zango rajista irin ta Faransa. Gana tana da dokar alamar asalin kaya, mai lamba 659 ta 2003, kuma Afirka tana da misalai. Masoron Penja na Kamaru ya sami irin wannan kariya a 2013. Nijar, bayan wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar sunan albasar Galmi aka yi masa ca, ta yi wa albasar da kilishinta rajista. Sai dai wannan riga ba ta zauna wa zango daidai ba. Albasar Galmi a Galmi take tsiro; Nima ba ta noma ko zangarniya ɗaya. Bugu da ƙari, dokar da za ta ce wane ne ɗan asali wane ne ba shi ba tana da ɗaci a unguwar da ba ta manta da umarnin korar baƙi na gwamnatin Busia a 1969 ba. Matar Dagomba ko Kotokoli da ta shekara talatin tana dama koko ba ta gaza Bahaushiya haƙƙi a kansa ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne tambarin haɗin gwiwa, wanda ƙungiyar masu sana'ar za ta mallaka, a shiga da bin ƙa'ida ba da ƙabila ba. Ƙa'idar ba ta buƙatar tsawo: a ambaci irin geron da garin da ya fito, a faɗi ko nonon shanu ne ko madarar gari, a gwada hatsin kafin a niƙa, a hana launi da ɗanɗanon kanti a zoɓo. Mata ashirin da suka haɗa kuɗin adashi suna iya ƙulla ciniki kai tsaye da manoman ƙauye ɗaya a Bawku tun kafin shuka, su nemi irin da suke so, su biya ƙari a kansa. Manomi ba ya yar da irin da ke da mai saye. Asusun Raya Zanguna, wanda aka kafa da doka a 2017, ya fi karkata ga gine-gine, magudanan ruwa da filayen ƙwallo. Na'urar gwajin hatsi a kasuwar Nima, da ɗakin sanyi na haɗin gwiwa a Maamobi, da ɗalibai daga Jami'ar Gana da za su zauna da tsofaffin masu koko su rubuta wane gero kowace ta fi so da dalilinta, duka ba su kai kuɗin filin ƙwallo ɗaya ba, kuma majalisun unguwannin, wato na Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, suna da hurumin fara su.