Farin Fenti a Jikin Jirgin Yaƙi: Daga Zauren Funtuwa Zuwa Gaɓar Apapa

A hutun ƙarshen shekarar da ta wuce, lokacin da hunturu ya kankama a Funtuwa har hazo ya rufe dutsen gari, na zauna a zauren gidanmu da wani kwali da abokina ya kawo mini tsaraba daga Ingila. A cikinsa akwai gutsattsarin roba masu yawa, waɗanda idan aka haɗa su da gam aka yi musu fenti za su zama ƙaramin kwatankwacin wani jirgin sama na Yaƙin Duniya na Biyu mai suna Short Sunderland. Ma'aunin shi ne ɗaya bisa 72. Faɗin fukafukan jirgin na gaske ya ɗan haura mita 34, tsawonsa mita 26, ke nan nawa bai wuce santimita 48 a faɗi ba, mutumin da zai tsaya a gefensa kuwa bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san motar kara da jirgin totuwa da muke ƙerawa bayan an yi girbin dawa, don haka haɗa jikin bai ba ni wahala ba. Da na zo kan fenti ne aiki ya tsaya. Takardar da ke cikin kwalin ta ce ciki da gefen jirgin farare ne fat, samansa kawai ke da ruwan toka mai duhu. Me zai sa a shafa wa jirgin yaƙi farin fenti, kamar ɗakin amarya? Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni Legas ta shekarar 1944, daga can kuma ya dawo da ni tashar jirgin ƙasa ta garinmu.

Sunderland jirgin sama ne da aka gina cikinsa kamar kwalekwale. Ba shi da tayoyin sauka. A kan ruwa yake tashi, a kan ruwa yake sauka, idan za a fito da shi tudu don gyara sai an ɗaura masa tayoyi na aro. Ya fara tashi a watan Oktoba na 1937, yana da inji huɗu, kuma an ƙera fiye da 700. Ma'aikatansa sukan kai goma ko fiye, suna shafe sama da sa'o'i goma sha biyu a sararin teku, shi ya sa aka yi masa bene biyu da gadaje da wurin girki da makewayi mai ruwa. Ana cewa Jamusawa sun laƙaba masa suna beguwa mai tashi saboda yawan bindigogin da ke tsitstsire a jikinsa. Aikinsa farautar jiragen yaƙin Jamus masu nutso ƙarƙashin teku.

A farkon yaƙin wannan farauta ba ta yin kyau. Jirgin nutso na wancan zamani yakan yi mafi yawan tafiyarsa a saman ruwa, domin a can yake da gudu kuma a can yake cajin baturansa, kuma da zarar masu gadinsa sun hango jirgin sama yakan nutse cikin ƙasa da minti ɗaya. A 1941 aka ɗauko wani masanin kimiyyar fiziks mai suna Patrick Blackett, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1948, aka ba shi jagorancin wani ƙaramin sashen bincike a rundunar sintirin gaɓar teku ta Ingila. Da suka yi lissafi sai suka ga yawan jiragen nutso da matuƙa ke gani ya yi ƙasa sosai da abin da ya kamata. Ma'ana, abokan gaba ne ke riga ganinsu. Dalilin kuwa yana jikin jiragen: da yawansu an aro su ne daga masu kai harin dare, cikinsu baƙi ƙirin.

Manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ɗaga kai ka dubi hankaka da balbela suna shawagi a rana mai gajimare, ka ga wanda idonka zai fara kamawa. Duk abin da ke tsakaninka da hasken sama duhu yake yi, farin launi ne kaɗai ke rage wannan duhun. Gwaji ya nuna cewa sai farin jirgi ya matso kusa da kimanin kashi 20 cikin ɗari kafin a gan shi, kuma waɗannan 'yan daƙiƙoƙi su ne bambancin jefa bam a kan jirgi da jefa shi a kan kumfar da ya bari. Daga nan aka ba da umarnin fentin fari. Wannan sashen ne kuma ya sa aka daina saita bama-baman ruwa su fashe a zurfin ƙafa 100, aka koma ƙafa 25, tunda jirgin da ake da damar samu shi ne wanda bai yi nisa da nutsewa ba.

A ganina wannan na cikin labaran yaƙin da suka fi ban sha'awa, domin ba sabon makami aka ƙera ba. Gwangwanin fenti ne da wasu mutane da aka ba izinin yi wa manyan hafsoshi tambaya.

Amma wanda ya taɓa riƙe burushi ya san fari shi ne mafi taurin kai a cikin launuka. Idan ka shafa shi da kauri sai ya cike siraran layukan da ke nuna mahaɗar faranti da faranti, jirgin ya koma kamar sabulu. Idan ka sirka shi da yawa sai launin robar ya riƙa leƙowa. Sai da na yi shafi huɗu sirara, ina barin kwana guda tsakanin kowanne. Ga kuma hunturu. Shafin farko ƙura ta manne masa kafin ya bushe, dole na goge shi da lallausar takardar yashi na sake. Dabarar da ta fisshe ni ta mahaifiyata ce: a yayyafa wa daɓen ruwa, a yi aikin da asuba kafin iska ta taso, a kife babbar robar wanki a kansa.

To, ina ruwan Funtuwa da wannan jirgi, garin da babban ruwansa bai wuce tafkin Mairuwa ba?

Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, hanyar Bahar Rum ta rufe wa jiragen kasuwancin Ingila, sai suka koma zagayowa ta gaɓar Afirka ta Yamma. Firitawun ta Saliyo ta zama matattarar ayarin jiragen ruwa, Jamusawa kuma suka biyo sawu. A 1941 jirgin nutso guda ɗaya, U-107, ya nutsar da jirage 14 a fita ɗaya a wannan yanki. A wannan shekarar aka kai rundunonin Sunderland Firitawun da Bathurst, wato Banjul ta yau. Barazanar ba ta gushe ba: a daren 30 ga Afrilu zuwa 1 ga Mayu na 1943, U-515 ya afka wa wani ayari da ya taso daga Takoradi ta Gana ya nufi Firitawun, ya nutsar da jirage bakwai. A tsakiyar 1943 aka dawo da runduna ta 270 ta sojan saman Ingila Apapa, da farko da jiragen Catalina ƙirar Amurka, daga baya aka sauya mata da Sunderland, kuma a nan ta zauna har aka rushe ta a ƙarshen Yunin 1945.

Abin da jiragen ruwan ke ɗauke da shi namu ne. Bayan Japan ta kame Malaya da Singafo a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza da roba da man girki, sai ta juyo kan Nijeriya da ƙarfi. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929 dama don irin wannan kaya aka shimfiɗa shi. Kamfanin BCGA yana da injin gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, ga gonar irin auduga ta Daudawa da ke yaɗa irin nan na Amurka mai suna Allen. Gyaɗa da auduga da fatu sukan taru a tasha, a loda su a tarago, su yi tafiyar fiye da kilomita dubu zuwa Apapa. Jirgin da nake yi wa fenti a zaure, mai gadin wannan kaya ne.

Sai dai gadin bai zo wa manomi a kyauta ba. A 1942 aka kafa hukumar da ta karɓe sayen amfanin gona na Afirka ta Yamma a kan farashin da gwamnati ta yanka. Gishiri da kananzir da ashana da yadi suka yi tsada ko suka ɓace a kasuwa. Tsakanin 1942 da 1944 aka ɗebi mutane kimanin dubu ɗari daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a tsaunukan Jos, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta. Wasu samarin aka sa musu kaki suka tafi Boma. Aka kuma tara kuɗin taimakon yaƙi: runduna ta 91 ta jiragen Spitfire ta ɗauki sunan Nijeriya saboda gudummawar da aka aika, Masarautar Katsina kuma, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta ba da kuɗin tankar yaƙi, har hukumar fina-finan mulkin mallaka ta yi ɗan gajeren fim a kai a 1943. Manomi ma bai zauna hannu rabbana ba. Da yadin waje ya yi ƙaranci, kasuwar masaƙan gida ta farfaɗo, mai auduga ya samu wanda zai taya masa da daraja ba sai ya kai ma'aunin Bature ba.

Akwai wani wuri a jikin kwatankwacin da ya so ya ruɗe ni. Sassan fiffike da na wutsiya masu motsi, waɗanda matuƙi ke juya jirgi da su, ba da ƙarfe aka rufe su ba, da yadi ne aka ɗame aka shafe da wani irin fenti mai tauri, don haka launinsu kan koɗe daban da na sauran jiki. Zuciyar ɗan jarida ta so ta ce ga audugar Funtuwa nan ta hau sama. Amma Ingilishi sun fi dogara da yadin lilin na Ailan a wannan aiki, don haka na haƙura da wannan kanun labari mai daɗi, na ɗan sirka fentin wurin da toka kaɗan na wuce.

Jiragen da mutanen Arewa suka gani da idonsu wasu ne daban. Daga Satumbar 1940 ana sauke jiragen yaƙi a akwatuna a Takoradi, a haɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, da Hartum har Masar, kuma dubbai ne suka bi wannan hanya. Su ma akan shafa wa wasunsu farin fenti a saman wutsiya da gadon baya, amma don kishiyar dalilin farko: idan jirgi ya faɗi a daji, masu nema su hango shi daga sama.

Matakin ƙarshe na aikin shi ne wanda masu wannan sana'a suka fi jayayya a kai, wato tsufar da jirgin. Wasu suna barinsa fes kamar ranar da ya fito daga masana'anta. Ni ina ganin wannan ƙarya ce mai ƙyalli. Jirgin da ke kwana a ruwan gishiri na Apapa, rana ta dake shi, damina ta jiƙa shi, dole gansakuka da dattin mai su yi masa zobe daidai inda ruwa ke tsayawa, hayaƙin inji ya zana baƙin layi a bayan fiffike, fenti ya ɓare a ƙirjinsa inda yake dukan ruwa wajen sauka. Na sirka ruwan ƙasa da kore na ja siririn layi a gindinsa, na kankare bakin fensir na goga garin a bayan injuna da tsinken auduga, na ɗiga launin azurfa da bakin allura a kusa da ƙofa da kan matakan nan da ake buɗowa daga gaban fiffike don makanikai su tsaya. Na bar kejin bindigar hanci a janye ciki, kamar yadda ake yi idan za a ɗaure jirgin, domin a nan ne mutum ke tsayawa ya kamo igiya. Mafi yawan sintirin irin waɗannan jirage yana ƙarewa ne ba a ga komai ba sai ruwa. Amfaninsu shi ne tilasta wa abokin gaba ya zauna a ƙasa, inda gudunsa bai kai rabin na sama ba. Gajiya da datti sun fi dacewa da wannan aiki fiye da ƙyalli.

A cikin kwalin akwai 'yan mutum-mutumi na matuƙa da masu bindiga, dukkansu Turawa. Babu ɗan dako, babu mai kwalekwale, babu leburan da suka gina wurin. Na je wurin wani kafinta a bakin kasuwa ya yanko mini katako, na yi wa kashi biyu bisa uku fentin ruwa, ragowar ya zama gaɓa. Na samo audugar bana daga wani maƙwabci, na dunƙule ta ƙanana, na naɗe da ƙyallen buhu na ɗaure da zare, kowace ba ta wuce ƙwayar gyaɗa mai ɓawo ba, madadin dilar fam 400 da ake fitarwa a wancan lokaci. Mutane uku da ke tura su da totuwa na sassaƙa su, kamar yadda muke yi muna yara, kuma na ukun sai da na sake shi sau biyu saboda kansa yana karyewa.

Ranar da zan koma bakin aiki, ɗan yayana mai shekara tara ya tsaya a kansa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baffa, tunda jirgin ruwa ne, mu gwada shi a baho." Na hana. Na sa shi a saman kabad a ɗakin Hajiya na rufe da tsohon mayafi. Da na dawo bayan mako uku na tarar an yaye mayafin, ɗaya daga cikin farfelolin ta karye an manne ta da gam a karkace, hunturu kuma ya shimfiɗa wa fukafukan jar ƙura sirara, wadda har yanzu ban goge ba.