TARIHIN SUN HUNTURU A ƘASAR ISA DA SABON BIRNI

3.1 Gabatarwa

A wannan fasali za a yi ƙoƙarin bin diddigin sana'ar su kamar yadda ake gudanar da ita da hunturu a garuruwan bakin gulbi na ƙasar Isa da Sabon Birni, wato yankin da garin Bafarawa yake ciki. Za a dubi yanayin ruwan, da tsarin da magabata suka shimfiɗa, sannan a kawo sauye-sauyen da suka auka wa sana'ar daga shekarun 1970.

3.2 Yanayin Ruwa

A wannan yanki ne Gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, daga bisani kuma Gulbin Maraɗi ya shigo ta ɓangaren Nijar. Da damina ruwa yakan tumbatsa ya malale fadamu, kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa. Daga watan Nuwamba ruwa yakan janye, ya bar tafkuna da gurabu masu zurfi, kifi ya taru a cikinsu ba shi da hanyar fita. Wannan ne ya sa hunturu ya zama kakar masunta. Bugu da ƙari, a lokacin an kawar da amfanin gona, saboda haka manomi ma yana da sukunin ɗaukar koma.

Sai dai sanyi yakan sa kifi ya lafe a ƙasan gurbi, bai cika motsi ba. Don haka akan jira rana ta ɗaga kafin a faɗa ruwa. Kifayen da aka fi samu sun haɗa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa. Ita kuwa gaiwa takan shige cikin taɓo ne idan ruwa ya ƙafe, sai a haƙo ta da fartanya.

3.3 Tsarin Su Kafin Zuwan Turawa

Tun a tsakiyar ƙarni na 18 da Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima, wannan kwari ya zama cibiyar Gobirawa. Bayan faɗuwar birnin a hannun masu jihadi a 1808, da kuma kafa Sabon Birni a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, mulki ya sauya hannu, amma ba a daina su ba, domin kifi shi ne naman talaka.

Masunta iri biyu ne. Akwai Sarkawa, waɗanda su ne gadonsu, kuma galibi suna danganta asalinsu da ƙasar Kabi. Su ne masu taru da mamari da jirgi. Akwai kuma 'yan koma, wato manoman da kan rungumi gora su shiga ruwa idan an buɗe tafki. A bisan su duka akwai Sarkin Ruwa, wanda sarkin gari yake naɗawa. Babban aikinsa shi ne hana taɓa tafki har sai ranar da aka tsayar. Idan ranar ta zo akan yi shela a kasuwanni, ƙauyuka su hallara a yi su na gayya, a fitar da rabon sarki, saura kowa ya tafi da abin da komarsa ta kama. Wanda ya yi yawa sai a yi banda a kai kasuwa, musamman ta Shinkafi.

Idan aka lura, wannan hani yana da hikima. Watannin da tafki yake a rufe su ne suke ba ƙananan kifi damar girma, kuma faɗin idon koma yakan bar 'ya'yan kifi su zurare. Irin wannan tsari ne ya haifar da bikin Argungu, wanda ya shahara tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934.

3.4 Sauye-sauyen Zamani

Abu na farko da ya girgiza sana'ar shi ne farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, lokacin da tafkuna da dama suka ƙafe tun kafin hunturu ya kama. Na biyu shi ne madatsun ruwa. Ta sama, madatsar Zoɓe da ta Jibiya a Jihar Katsina sun rage ambaliyar da take cika fadamu. Ta ƙasa kuma, madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ta tare kifin da yake haurowa da damina. Duk da haka ta samar da babban tafki wanda ba ya ƙafewa, sai masunta suka riƙa ƙaura can.

Na uku shi ne shigowar ragar roba mai ƙananan idanu, da zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a ruwa, abin da yake kashe babba da yaro. Wannan ya zo daidai da raunin ikon Sarkin Ruwa, tun da gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage ƙarfin sarakunan da suke mara masa baya. Na huɗu shi ne ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya tsananta a Isa da Sabon Birni daga 2020, har fita fadama ya zama kasada ga rayuwa.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa sun hunturu ya dogara ne a kan abubuwa biyu, ambaliyar damina da dokar rufe tafki. Sau da yawa akan ɗora laifin ƙarancin kifi a kan fari kaɗai, alhali kuwa ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari, kifin ne bai dawo yadda yake ba. Saboda haka duk wani yunƙuri na farfaɗo da sana'ar sai ya haɗa da samar da tsaro da kuma mayar wa Sarkin Ruwa ikonsa na hani. A fasali na gaba za a dubi kayan su da sunayensu a karin harshen Gobirci.