Madatsar Tiga: Daga Noman Rani zuwa Cajin Batir

An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, inda aka tare Kogin Kano a ƙasar Bebeji. Tafkin na ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ba don wutar lantarki aka yi ta ba. Fari ne ya addabi Arewa a waɗannan shekaru, aka nemi ruwan noman rani, kuma shi ya mayar da Kadawa, Kura da Bunkure ƙasar shinkafa, alkama da tumatir.

Sai bayan kusan shekara 40 aka waiwayi lantarki. A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ba da kwangilar kafa injinan megawat 10 a Tiga, da nufin ba da wuta ga matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titunan Kano. Sai dai injin ba ya juyawa sai an saki ruwa, sakin kuwa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gonaki take fara dubawa. Tashar hasken rana ta Kumbotso, mai megawat 10, da aka buɗe a Janairun 2023, ita ma da nata lokacin: ƙarfinta da tsakar rana yake, da magariba ta yi shiru.

A nan batun abin hawa mai lantarki ya shigo, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Batir ba ruwansa da ƙarfe nawa aka cika shi. Direban adaidaita sahu da ya ajiye kekensa bayan isha'i, buƙatarsa kawai ya tarar da shi cike da asuba. Idan kowa ya jona da magariba, lokacin da gidaje ke kunna fitila da fanka, taransifoma ce za ta sha wahala. Idan aka karkata cajin zuwa tsakar dare ko azahar, ta hanyar rage kuɗin wuta a waɗannan sa'o'i, rarar da ba ta da mai saye za ta shiga batir.

An riga an gwada wani ɓangare na wannan a ƙasar Hausa: a 2021 aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.