Tudun Konkori da hanyar Gwanja a Gandun Dajin Mole

Wanda ya tashi daga Tamale ya nufi yamma, ya wuce Damongo ya isa Larabanga, ya zo bakin gandun dajin da ya fi kowanne girma a Ghana. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,500. A 1958 aka keɓe shi domin namun daji, a 1971 kuma ya zama gandun ƙasa, bayan an tashi mutanen ƙauyukan da ke cikinsa. Sunan ba na wani sarki ko Bature ba ne. Daga kogin Mole aka ɗauko shi, wanda ke ratsa dajin kafin ruwansa ya zuba a Farin Volta.

Giwaye ne ke jawo baƙi, amma a ganina tarihin wurin yana can bisa tudun Konkori, dogon tsaunin da ya miƙa a cikin gandun. Akwai kogo a jikinsa inda mutanen yankin suka riƙa ɓuya idan maharan bayi sun taso. Ƙarshen ƙarni na 19 ya yi wa yankin nan tsanani. Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa, ya shafe shekaru yana kai farmaki a ƙasar Gurunsi da kewayen Wa, har Faransawa suka karya shi a 1897, ya koma Yendi inda kabarinsa yake. A daidai wannan lokaci dakarun Samori Ture suka kama Bole da Wa. Manomin da ba shi da doki ko bindiga, dutse kaɗai ne garkuwarsa.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan labari. Tsohuwar hanyar fatake daga Salaga zuwa Wa ta tsakiyar dajin ta bi, Salaga kuwa ita ce babbar kasuwar Gwanja, inda ayarin Kano da Katsina ke sauke kanwa, tufafi da fatu, su ɗaure goro su juya gida. A kasuwar an sayar da mutane kamar yadda aka sayar da goro, kuma bai kamata mu riƙa tuna ribar fataucin muna kawar da kai daga wannan ba. Yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 ne ya watsa garin, fatake da malamai suka bazu, ciki har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya koma Kete-Krachi.

Ghana ta sa Mole cikin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren gado na duniya tun shekarar 2000. Ya dace makarantun zangon Tamale su riƙa kai ɗalibai Konkori, a nuna musu kogon, a faɗa musu su wa suka ɓuya a ciki da kuma waɗanda suka koro su.