Jirgin da Jamus Ba Ta Ƙera Ba

Akwai wata hira da masu sha'awar tarihin yaƙin teku ba sa gajiya da ita, wato hirar "da a ce". Sukan ɗauki takarda da fensir su zana jirgin da suke ganin ya kamata Jamus ta ƙera kafin 1914 don farautar jiragen kasuwar Ingila: tsawonsa kaza, igwoginsa kaza, gudunsa kaza. Mu marubuta bai kamata mu raina wannan hira ba, domin ƙaga abin da bai faru ba ai sana'armu ce. To amma mun lura kusan duk masu zanen nan wuri guda suke tuntuɓe. Hankalinsu na kan igwa da sulke da gudu, alhali tarihi ya nuna ba can matsalar take ba.

Sanin kowa ne Ingila tsibiri ce, abincinta da kayan masana'antunta ta ruwa suke zuwa. Duk wanda ya tare wannan hanya ya shaƙe ta. Amma Admiral Tirpitz, wanda ya gina rundunar ruwan Jamus da dokokin 1898 da 1900, bai yarda da yaƙin farauta ba. Ya zuba kuɗin ne a manyan jiragen yaƙi da za su tsaya a Tekun Arewa, hujjarsa kuwa ita ce Jamus ba ta da isassun tashoshin shan kwal a duniya. Saboda haka da yaƙi ya ɓarke, 'yan tsirarun jiragen da ake kira kuruza da ke waje su ne suka ɗauki aikin, ko da yake ba dominsa aka ƙera su ba.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Emden, ƙarƙashin Karl von Müller. Ƙaramin jirgi ne, nauyinsa bai kai tan 4,000 ba, da igwa 10 masu bakin santimita 10.5. Cikin kimanin wata biyu a Tekun Indiya ya kama jiragen kasuwa sama da 20, ya cinna wa rumbunan mai na Madras wuta a Satumba 1914, sannan ya kutsa tashar Penang da bututun hayaƙi na ƙarya, na huɗu, don a ɗauke shi jirgin Ingila, ya nutsar da jirgin yaƙin Rasha mai suna Zhemchug. Ranar 9 ga Nuwamba, a tsibiran Cocos, jirgin Ostareliya mai suna Sydney, wanda igwoginsa suka fi girma, ya ragargaza shi. Mutum sama da 130 suka mutu.

Daga nan ne mai zane ke samun kuzari. Sai ya ce, to, mu ninka Emden biyu, mu sa masa igwa mai santimita 21, mu lulluɓe shi da sulke, mu ba shi gudun da babu mai kamo shi. A takarda abin gwanin sha'awa. Sai dai kowane tan na sulke, da kowane ƙarin gudu, da kwal ake biyansa. Jirgin tururi kamar ingarman doki yake: komai kyansa, idan babu hatsi da ruwa a zango na gaba, an gama. Shi kansa ƙaramin Emden yana tafe ne yana jan jiragen kwal a baya, wasu ma kamo su ya yi, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai ya nemi lungun wani tsibiri inda ruwa ya kwanta, ma'aikata su wuni suna loda kwal da hannu. A wannan hali jirgi ba shi da maraba da zaki mai barci. Haka aka ritsa da Kaiser Wilhelm der Grosse, katafaren jirgin fasinja da aka ɗora wa igwogi, yana tsakiyar shan kwal a gaɓar Rio de Oro, ranar 26 ga Agusta 1914.

Ina kuma jirgin namu na takarda zai je gyara? Togo ta faɗi a Agusta 1914, tare da babbar tashar wayar iska ta Kamina. Duwala ta faɗi a Satumba, Tsingtao a Nuwamba. Tashar 'yan ba-ruwanmu kuwa, yarjejeniyar Hague ta 1907 ta ƙayyade wa jirgin yaƙi zaman awa 24, kuma idan ya sha kwal a ƙasa, ba zai sake sha a cikinta ba sai bayan wata uku. Königsberg, da injinsa ya lalace, ɓuya ya yi a bakin kogin Rufiji, aka ɗauki sassan injin ta tudu zuwa Darussalam. Kafin ya samu fita Ingilishi sun toshe hanya, suka kuma hallaka shi a Yuli 1915. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Masu zane da suka fi wayo sukan ce a cire tururi a sa injin dizal, wanda ke tafiya mai nisa da mai kaɗan. Tunanin daidai ne, lokacin ne bai yi ba. Jamusawa sun gwada: an tsara sa babban injin dizal a jirgin yaƙin Prinzregent Luitpold, amma injin bai kammalu ba, jirgin ya shiga aiki a 1913 ba tare da shi ba.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne amsar da yaƙin kansa ya bayar, wadda babu mai zanen da zai yi alfahari da ita. An ƙera wani jirgin kaya mai suna Pungo don jigilar ayaba daga Kamaru zuwa Jamus. A 1915 aka ɓoye masa igwogi a bayan allunan ƙarfe, aka sake masa suna Möwe, aka ba Dohna-Schlodien. Kura ce da fatar akuya. Ba shi da sulke, ba shi da gudu, amma cikinsa rumbu ne na kwal, kuma duk wanda ya hango shi sai ya ɗauka ɗan kasuwa ne. A fita biyu ya kama ko ya nutsar da jirage kimanin 40. Nakiyar da ya dasa ta ci babban jirgin yaƙin Ingila King Edward VII a Janairu 1916, kuma a wannan watan ya kama Appam, na kamfanin Elder Dempster mai jigila tsakanin Liverpool da tashoshinmu na Afirka ta Yamma. Sau biyun duka ya koma gida lafiya.

Wolf, na Karl August Nerger, gudunsa bai wuce kilomita 20 a awa ba, rabin na Emden ma bai cika ba. Ya yi kwana 451 a teku bai shiga tashar kowa ba, yana cin kwal da abincin waɗanda ya kama, ya dawo Kiel a Fabrairu 1918. Wannan shi ne raƙumi. Har jirgi mai tafiya da iska, Seeadler, aka tura a ƙarshen 1916, don iska ba a sayenta.

A ganinmu, da a ce za mu zana wa Jamus jirgin farauta na 1910, da mun zana mummunan jirgin kaya mai faɗin ciki, mu yi guda 20 da kuɗin babban jirgin yaƙi ɗaya, mu watsa su kafin Ingila ta rufe ƙofar Tekun Arewa. Ko hakan ba zai sauya ƙarshen yaƙin ba, domin da aka fara tara jiragen kasuwa ayari-ayari da rakiyar jiragen yaƙi a 1917, har jiragen ƙarƙashin ruwa sai da kasuwarsu ta ja baya.

Shi kuwa jirgin mafarkin masu zane, daga baya an ƙera shi. Admiral Graf Spee yana da dizal, da sulke, da igwa 6 masu santimita 28. A 1939 ya nutsar da jiragen kasuwa 9, yana shan mai daga jirgin Altmark. Ranar 13 ga Disamba kuruza uku na rundunar Ingila suka ji masa rauni a bakin kogin Plata, ya shiga Montevideo neman gyara. Gwamnatin Uruguay ta ba shi awa 72. Ranar 17 ga wata kyaftin ɗinsa, Hans Langsdorff, ya fito da shi bakin tasha ya tarwatsa shi da hannunsa.