Dutsen Sukur da Littafin Hamman Yaji

Idan mutum ya bar Yola ya kama hanyar arewa, ya wuce Michika ya doshi Gulak da Madagali, zai ga jerin duwatsu a hannunsa na dama sun yi wa gabas katanga. Su ne duwatsun Mandara, waɗanda suka raba Nijeriya da Kamaru. A bisa ɗaya daga cikinsu, kimanin mita 1,000 sama da teku, akwai wani tsohon gari da ake kira Sukur, masu garin kuwa suna ce wa kansu Sakun. Yawancinmu mun fi jin labarin Mambila da Jos idan ana zancen zuwa shan iska a kan dutse, alhali Sukur ne wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a shekarar 1999.

Garin na bisa ba a kai masa sai da ƙafa. To amma hanyar da ake bi ita kanta abin kallo ce, domin shimfiɗe take da faffaɗan duwatsu waɗanda mutanen dā suka jera da hannu, ba siminti ba ƙasa. Hagu da dama gonaki ne hawa-hawa, kowanne an tokare shi da jerin duwatsu don kada ruwan sama ya kwashe ƙasar, a nan ake noma dawa. Can sama kuma ga gidan Hidi, wato sarkin garin, kewaye da katangun dutse. A cikin gidaje za a ga rumbuna, da ramin da ake ajiye sa ana yi masa kiwon turka har ya yi ƙiba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai mutane wannan wahala ga fili shimfiɗe a ƙasa? Amsa ta farko ita ce ƙarfe. Mutanen Sukur sun daɗe suna tara baƙin yashin tama daga ƙoramu suna narkawa da gawayi, suna fitar da sandunan ƙarfe, fatake na zuwa saye suna kaiwa har ƙasar Borno. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ji labarin garin da ƙarfin sarkinsa lokacin da ya ratsa ƙasar Margi a 1851 a kan hanyarsa ta zuwa Yola, ko da yake bai hau ba. Sana'ar ta mutu wajejen 1960, da tarkacen ƙarfen motoci ya cika kasuwa da araha.

Amsa ta biyu ita ce tsoro, kuma a nan ne zancen ya shafe mu, mu masu riƙon alƙalami. Hamman Yaji ya hau sarautar Madagali a 1902, zamanin da Jamusawa ke iko da yankin. Daga 1912 zuwa 1927 ya riƙa sa ana rubuta masa abubuwan da suka faru yau da gobe da Larabci. A ciki akwai ciniki, da kyauta, da zuwan Turawa, akwai kuma hare-haren da yake tura mayaƙansa su kai wa mutanen duwatsu, har da Sukur. Yadda ake ƙidaya shanun da aka koro, haka ake ƙidaya mutanen da aka kamo, adadi kusa da adadi, ba wani kwana-kwana. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927, ya rasu a 1929. Aka fassara littafin zuwa Turanci, daga baya James Vaughan da Anthony Kirk-Greene suka buga shi a 1995.

A ganina samun irin wannan rubutu babban rabo ne ga tarihi, don ba kowane basarake na wancan zamani ya bar mana lissafin ranakunsa ba. Sai dai littafi ne na mai doki. Wadda aka kama a bakin rijiya ba ta da suna a ciki, lamba ce kawai. Labarinta yana bakin jikokinta a kan dutse, kuma da harshen Sakun ake ba da shi. Masana daga waje irin su Nicholas David da Judith Sterner sun zauna a garin a shekarun 1990 sun tattara abin da suka iya, amma da Turanci suka rubuta. Ga shi kuwa Hausa ce harshen da baƙo da mai gida ke haɗuwa a kai a kasuwannin yankin, don haka marubucin Hausa da ya hau dutsen ba lallai ya nemi tafinta ba kafin ya zauna da dattawa.

Iyaka ma ta yi ta yawo da mutanen nan. Bayan Jamusawa, Faransawa suka riƙe na ɗan lokaci, sannan Ingilishi, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigar da su Nijeriya, cikin Lardin Sardauna, 'yan'uwansu na gabashin dutse suka zauna a Kamaru.

A ƙarshen 2014 kuma 'yan Boko Haram suka hau dutsen, suka ƙona gidaje da rumbuna, har da wani sashe na gidan Hidi. Jinka da itace sun ci wuta, katangun dutse suka tsaya, mutane suka dawo suka sake ɗora rufi a kansu. Wanda ya yi niyyar zuwa, ya fara bincika halin tsaron hanya, ya zaɓi lokacin hunturu bayan an gama girbi, ya nemi takalmi mai riƙe dutse. Idan ya isa kuwa, gaisuwar Hidi ita ce farko kafin yawo.